Ranar da Aka Kwashe Gidan Alhaji Uwaisu

Ilimin zamani ya gama bincikensa, ya kuma tabbatar da cewa ba gida ake sayarwa ba. Abin da ake sayarwa shi ne sararin da ke tsakanin bango da bango, kuma duk abin da ya tsaya a cikin wannan sarari, tabarma ce ko tukunya ko tsohuwa, rage wa gidan daraja yake yi. Wannan magana ba ra'ayin wani ba ce. An karantar da ita a Zariya, an yi jarrabawa a kanta, kuma Abdurrahim ɗan marigayi Alhaji Uwaisu na Batsari ya ci jarrabawar.

A cikin sabuwar fijo ya kawo ilimin gida, a shekarun nan da kuɗin man fetur ya sauko wa ƙasa har ya zama gwamnati na neman inda za ta zuba shi. Gidan da ya zo sayarwa ba ƙaramin gida ba ne. Alhaji Uwaisu mai awon gyaɗa ne a zamaninsa, shi ya fara gini da bulo a wannan yanki, ya rufa da kwano, ya sa tagogi masu gilashi waɗanda mutanen ƙauye kan tsaya su duba fuskarsu a ciki in sun zo cin kasuwa. Da gyaɗa ta mutu, Alhaji bai daɗe ba ya bi ta. 'Ya'ya suka watse, wannan Kaduna, wancan Kano, ɗaya har Legas. Aka bar gidan da ƙanwar Alhaji, Mero, wadda mijinta ya rasu tun tuni, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya zauna.

Mai saye wani kamfani ne da ya samu kwangilar hanya, yana neman inda zai ajiye injiniyansa da iyalinsa. Manyan kamfanin suna Kaduna, kuma ba su ga dalilin da zai sa su wahalar da motarsu har Batsari ba. Suka ce a aiko da hoto.

Mero ba ta ja da maganar sayarwa ba. Gida na magada ne, ita ma ta san haka, kuma Abdurrahim ya riga ya sa an gina mata ɗaki biyu a bakin gari, kusa da garkarta. Abu ɗaya ne kawai ya dame ta, shi ne ajiya.

Ga yadda abin yake. Fulanin Runka da Babban Duhu da na gefen dajin Ruma, in kaka ta wuce ciyawa ta ƙone, sai su kaɗa shanu su yi kudu, ba sa dawowa sai an ga hadari. Abin da takarkari ba zai iya ɗauka ba dole a bar shi wani wuri, bukka kuwa ba ta da ƙyaure. Wata mai tallan nono ce ta fara barin ƙunshi ɗaya a wurin Mero, tun Alhaji yana da rai. Da damina ta zo ta same shi yadda ta bar shi. Shekarar da ta biyo sai ga 'yar'uwarta, sai ga mijin 'yar'uwar, sai ga mutanen da ba su haɗa komai da su ba sai labari. Kafin a ankara, duk rani rabin dajin nan a gidan Alhaji Uwaisu yake kwana.

Ajiyar tana da ƙa'idarta, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗinta da baki. Mai kaya ba ya ƙirgawa a gaban Mero, domin ƙirga zargi ce. Mero kuma ba ta buɗewa. Ƙullin da mai kaya ya yi da hannunsa, shi zai kwance da hannunsa. Ba ta san abin da ke cikin ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa son ta sani ba. Abin da ta sani shi ne wuri. Wanda ke bayan ƙyauren ɗakin gabas na wane ne, wanda ke ƙarƙashin taga na wance ne, kuma wurin mutum na bana shi ne wurinsa na baɗi. A duk shekarun nan ba a taɓa jin wanda ya ce ko tsinke ya ɓata masa ba. Ba ta da ɗa, ba ta da gida, amma tana da wannan, kuma daga Safana har iyakar daji an san ta da shi.

Mai hoton da Abdurrahim ya ɗauko daga Katsina sunansa Sahabi. Ya zo a kan babur, akwatin hotonsa rataye a wuya, da fitilar walƙiya mai kama da faranti. Aikinsa amare ne da maniyyata aikin hajji.

"Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa ɗaukar bango ba," ya ce wa Abdurrahim. "Ce masa zan yi ya ɗaga haɓa?"

"Kai dai ɗauki ɗakunan yadda suke."

"Yadda suke?" Sahabi ya leƙa ɗakin gabas, ya dawo da kansa. "To ina zan tsaya? A kan buhu?"

A kan buhun ya tsaya. Duk walƙiyar da fitilar ta yi sai matan maƙwabta da suka cika tsakar gida su yi salati tare, Mero kuma ta duba ko wani abu ya kama da wuta.

Da Abdurrahim ya dawo daga Kaduna da hotunan, fuskarsa a murtuke take. Ya zube su a kan tabarma. Mero ta goge hannunta da bakin zane kafin ta ɗauki ɗaya. Ta taɓa ganin hoton mutum, amma ba ta taɓa sanin ana iya ɗauke ɗaki sukutum, da inuwarsa da komai, a sa shi a takardar da ba ta fi tafin hannu ba. Ta kusanto da shi, ta nisanta shi, ta juya bayansa ta ga fari fat, ta sake juyowa.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ga Jinjiri."

"Wane Jinjiri, Goggo? Babu mutum a hoton nan."

"Ga shi nan bayan ƙyaure. Ga Asama'u a samansa. Ka ga su Mani can ƙarƙashin taga, da igiyarsu baƙa. Kai, Abdu! Duk suna kudu, ga su kuma a hannuna."

"Tarkace ne a hannunki, Goggo. Kin san abin da manajan ya yi? Juya hoton ya dinga yi sama da ƙasa yana neman bango. Ya ce da ni, malam, wannan ɗakin kwana ne ko sito? In sito ne muna da shi. Mataimakinsa ya ce ɗakunan sun yi ƙanana. Ƙanana! Ɗakin da Baba yake tara masu gyaɗa su zauna har da buhunansu. Matar injiniyan kuwa tana ganin buhuna ta ce akwai ɓera."

"Akwai mana. Wane gida ne babu?"

"To shi ɓeran nan, da ƙwarya, da igiya baƙa, sun sa an yi mana tayin da ko kangon jaki ba za a yi wa ba. Mai saye ba ya son ya ga rayuwar wani, Goggo. So yake ya ga wuri fayau, ya zuba tasa a ciki da idonsa."

Mero ta jinjina maganar. Ta yi mata kama da gaskiya, kuma gaskiyar ce.

Abin da yake so bai taka kara ya karya ba, in ji shi. Wuni ɗaya tak a fitar da komai filin bayan gida, a ɗauki hoto, a mayar. Mero ta yarda, amma da sharaɗi. Ita za ta tsaya a kan aikin. Kayan ɗakin gabas su tafi gabashin fili, na yamma yamma, na bayan ƙyaure a ware su daga na ƙarƙashin taga, a shimfiɗa gidan a fili kamar yadda yake a ciki, sai dai babu bango. Abdurrahim ya ce to, da irin saurin mutumin da tuni hankalinsa ya koma Kaduna.

Aka sa rana. Ana jajibirinta da hantsi aka aiko daga Ruma cewa yayar mijin Mero ta rasu. Wannan ba tafiyar da ake ɗagawa ba ce. Ta yafa mayafi ta shiga a-kori-kura, hankalinta kwance tunda aiki sai gobe. Ƙurar motarta ba ta gama lafawa ba sai ga babur ɗin Sahabi. Gobe ba zai samu zuwa ba, an tara masa maniyyata a Dutsin-Ma, in za a yi yau a yi, in ba haka ba sai wani watan.

Adalci ya wajaba a yi wa Abdurrahim a nan. Bai yi sakaci ba ko kaɗan. Ya ɗauko ƙarti daga kasuwa, ya sa aka shimfiɗa tamfol, ya tuɓe rigarsa ta ofis ya tsaya a rana, ya rantse duk wanda ya fasa ko da ludayi ba zai ga ladansa ba. Sai dai da ƙunshi ya fara tsibi a fili, idonsa na mai ilimi ya ga ɓarna. Ƙunshi ba shi da tsari, ciki ne a nan, ƙusumbi a can, yana cin wurin da ya fi ƙarfin abin da ke cikinsa. Ga tamfol ɗin bai isa ba. Ya sa aka kwance ɗaya, sai ga kwanuka. Aka kwance na biyu, kwanuka, irinsu ɗaya sak, domin a shekarun nan duk wanda ya sayar da maraƙi kwanon nan mai jan fure yake saya. Me zai hana a zura wannan cikin wancan? Aka zura. Daga nan aiki ya yi daɗi. Kwano da kwano, bargo da bargo, fitila da fitila. Rabin buhun gero aka juye shi cikin wani rabin aka ɗinke, kanwa ma haka. Tsummokaran da aka kwance aka ninke su gefe guda, igiyoyi aka naɗe su a wani gefen.

Bayan la'asar Mero ta sauka daga mota. Tun daga nesa ta ga mutane sun yi dafifi a bayan gidan, amma ba hayaniya. Ta zaci wata rasuwar ce. Aka buɗa mata hanya.

Ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba, mutanen Batsari ma haka. Kwanuka sun tashi sama jeri-jeri sun fi tsawon mutum, ranar yamma ta bugi bakinsu suna ƙyalli har sai an kare ido. Barguna sun yi katanga. Fitilun ƙwai a layi, daga babba zuwa ƙarami, kamar an kira su salla. Ƙore masu zane an kife su sun rufe wuri kamar garin tururuwa na sarauta. Ga akwatunan ƙarfe, ga tabarmi, ga takubba, ga rediyo har da wadda ba a taɓa cirewa daga kwalinta ba, ga madubai an jingina su suna jefa hasken rana a fuskokin jama'a. Ga buhuna a tsaye, cike, bakinsu ɗaya. Mutanen da duk rayuwarsu suke ganin Bafulatani da sanda da 'yar shara suka tsaya baki buɗe. Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ashe duk wannan a cikin daji yake," ya ce, ba da kowa ba.

Mero ma ta tsaya. Shekara da shekaru tana kwana da kayan nan, tana tsallake su in za ta ɗebo ruwa, ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Kyan abin ne ya fara kama ta. Sai da idonta ya sauka kan tsummokaran da aka ninke, da igiyoyin da aka naɗe, baƙa a cikin fara, sannan ta gane abin da aka yi.

Ta zagaya ta shiga gidan.

Ta yi sallama a zaure saboda sabo, sai gidan ya amsa mata da muryarta. Ta tsaya cak. Ta shiga ɗakin gabas. An share, an yayyafa ruwa, an buɗe tagogin da buhuna suka toshe tun kafin Abdurrahim ya shiga sakandare. Rana ta shigo ta kwanta a ƙasa, doguwa, har ta taɓa ɗaya bangon. Farar ƙasar da aka shafa tun ranar tarewa tana nan ba ta dushe ba, domin ba abin da ya taɓa ganinta. Rufin ya yi nisa. Ɗakin ya yi faɗin da ta ji kamar ta cire takalmi, ta kuwa cire. Ta tuna yayanta yana tsaye a nan ranar da aka gama ginin, yana buɗe hannuwa yana juyi, ita kuma tana yi masa dariya. Ashe abin da ya gani ke nan.

"Inna, ɗan matsa, kin shiga hoto," in ji Sahabi daga bakin ƙofa.

Ta matsa. Fitila ta yi walƙiya.

Abdurrahim ya shigo, singiletinsa sharkaf da gumi, fuskarsa kamar ta yaron da ya kai sauka.

"Goggo, sannu da hanya, ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta. Kin ga gida? Kin ga gida kuwa?"

"Na gani, Abdu. Wa ya kwance kaya?"

"Ni na sa. Kada ki damu, a kansu na tsaya. Ko allura ba ta ɓata ba, komai yana nan."

Ta dube shi. Ga ƙarti a tsakar gida suna jiran sallama, ga mai hoto, ga maƙwabta a zaure. Ɗan yayanta ne, kuma ya wuni a rana saboda kayan mutanen da bai ma san sunansu ba.

"Komai yana nan," ta ce. "Sannu da aiki."

Hotuna na biyu ba su yi mako a Kaduna ba. Manajan ya ce ai bai san akwai irin wannan gini a can ba. Mataimakinsa ya ce ɗakunan sun yi girma, sai dai a raba ɗaya biyu. Matar injiniyan ta nuna inda za ta sa kujeru. Wani banki ma ya ji labari ya sa baki, kamfanin ya ji tsoro ya ƙara. Aka sayar da gidan a kan abin da magada ba su yi mafarki ba, kuma Abdurrahim ya shekara yana ba da labarin a ofis, da hotunan farko a hannun hagu, na biyu a dama. Bango ɗaya, rufi ɗaya, yakan ce, tarkace kawai aka cire. Duk wanda ya ji sai ya gyaɗa kai, domin ba inda za a kama maganar.

Kayan kuwa ba su koma gidan ba, tunda ya zama na kamfani. Yadda aka jera su haka aka kwashe su zuwa sabbin ɗakunan Mero, kwano da kwano, bargo da bargo. Ta kan zauna a bakin ƙofa ta zuba musu ido. Ƙore ba su dame ta ba, kowace mace ta san zanen ƙwaryarta. Akwati mai kwaɗo ma yana da mabuɗi a wuyan wani. Amma kwano mai jan fure ba ya cewa ni na wance ne, gero kuma bai san gonarsu ba. Ta ɗauki tsumma ta shinshina, ta gane na Asama'u ne. To me ke cikinsa? Ba ta taɓa buɗewa ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Shanu suka fara ɓullowa ta hanyar kudu, ramammu, ƙahoninsu sun yi musu yawa.

Jinjiri ne ya fara zuwa, dattijo dogo wanda sunan yarinta ya bi shi har furfura. Ya tsuguna nesa da ƙofa, ya aje sandarsa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi shanu, ta tambayi ruwan kudu da ƙudan tsando, ya tambayi sabon wuri da ƙafarta mai ciwo. Tun a mashaya aka ba shi labarin ranar da aka baje daji a filin Batsari, kuma ta san an ba shi. Ba wanda ya taɓo zancen.

"Jinjiri," ta ce daga ƙarshe, tana kallon ƙasa, "tsufa ya fara taɓa ni. Tuna mini abin da ka bari."

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Abin da ke nan, Inna."

"Na sani. Kamar me da me?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba. Ke kika sani."

Ta gane ba zai faɗa ba ko za a yanka shi. Ya buɗe baki ya lissafa kayansa a gaban wadda ta riƙe masa su shekara da shekaru, wannan abin kunya ne da zai bi shi har rugarsu. In ta miƙo masa bargo ɗaya alhali uku ya bari, zai karɓa ya yi godiya, ya tafi, ba zai gaya wa kowa ba. Baɗi ne kawai ba za ta gan shi ba.

Ta shiga ɗaki. Ta tuna girman ƙunshinsa a bayan ƙyaure, ya kai mata ƙugu. Ta shimfiɗa tsummansa ta fara zubawa. Da ya kai ƙugu sai ta yi shakka, wataƙila ya ɗara haka. Ta ƙara bargo. Ta ƙara fitila. Gero ta tuna buhunsa bai cika ba, amma ba ta san inda ya tsaya ba, sai ta ba shi cikakke. Jinjiri ya dubi kayan, ya buɗe baki, ya rufe. Cewa sun yi yawa ma ƙirga ce.

"Allah ya bar zumunci, Inna."

"Amin. A gaida mutan gida."

Haka aka yi ta yi har shuka ta fito. Kowa ya zo ya tsuguna, a gaisa, ta shiga ta auna da ido, shakka ta kama ta, ta ƙara. Wasu sun dawo washegari sun aje ƙwaryar nono ko man shanu a bakin ƙofa ba tare da sun ce komai ba. Amma nono ba ya komawa bargo. Tun kafin a yi rabin mutane aka yi fiye da rabin kaya, kuma tana gani. Da na ajiya suka ƙare sai ta juya ga nata. Jeren ɗakinta na aure ya fara sauka daga sama, tasa bayan tasa. Bargon da Alhaji ya kawo mata daga Makka ya bi wani saurayi zuwa Runka. Geron da ta noma a garka ya tafi Babban Duhu a kan jaki. Ba wanda ya fita daga ƙofar nan da ƙasa da abin da ya kawo, wannan kam ta tabbata.

Ana tsakiyar damina Abdurrahim ya biyo, zai wuce duba gonar gado. Ya kawo mata atamfa da sukari. Ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya miƙe, ya juya, ya ga tabarma ɗaya, da buta, da tukunya, da 'yan kwanuka a lungu.

"Goggo! Kin gani ko? Ɗan ɗakin nan ma ya yi faɗi. Ai na san za ki gane."

"Na gane, Abdu. Za ka sha fura?"

Sauri yake yi, bai sha ba. Ta ji daɗin haka, domin ko ƙwaryar damu ba ta rage mata ba.

Saura mutum ɗaya. Asama'u ta makara a hanya saboda mijinta ya yi jinya a kudu. Ta iso rannan da yamma, ƙafafunta duk laka, da fara'arta. Bayan gaisuwa ta sunkuyar da kai ta ce an sa bikin 'yarta bayan girbi, shi ya sa ta matsu ta ga kayan. Shekara nawa tana tara su daga kuɗin nono, kwano ɗaya yau, tasa ɗaya wata kasuwar, ko mijinta bai san yawansu ba.

Mero ta ce, "Masha Allahu. Kayanki suna nan, sai dai ba a ɗakin nan na sa su ba, kin ga wurin ƙarami ne. Ki dawo kashegarin kasuwa."

Tana da saniya guda a garken Jinjiri, wadda ta gada daga mijinta, ita ce take shan nononta. Da safe ta ɗauki sanda ta taka har rugar. Ta ce masa tana so ya kai mata ita kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa. Jinjiri ya dubi saniyar, ya dubi bargon da ke shanye a kan bukkarsa, ya kawar da kai.

"Tana da ciki, Inna."

"Na sani. Sai ta fi daraja."

Ranar kasuwa ya ja ta da kansa, bai bar dillali ya taɓa igiyar ba sai da aka yi tayin da ya gamsu. Mero ta bi rumfunan masu kwano ɗaya bayan ɗaya. Ta sayi mai jan fure, manya da ƙanana, ta sayi tasoshi, da faranti, da fitila, da madubi. In ta ce ya isa sai ta tuna ƙunshin yana kaiwa saman ƙyaure, ta koma. A gida ta wanke su da toka don ƙyallin sabunta ya ragu, ta cire takardun da ke manne a gindinsu. Ta shimfiɗa tsumman Asama'u ta jera, wuri ya ragu a gefe, ta ɗauko 'yan kwanukan da ke lungu ta cike. Ta ɗaure da igiya, ta kwance, ta sake ɗaurewa ta wata fuskar.

Asama'u ta zo da hantsi. Ta durƙusa ta taɓa ƙullin, hannunta ya tsaya a kansa kaɗan. Mero ta kama mata suka ɗora a ka. Wuyanta ya nutse, ta gyara tsayuwa, ba ta juyo ba.

"Inna."

"Je ki, rana na yi. Ki ce da amarya ina nan zuwa."

Ta bi ta da kallo har ta shige cikin dawa. Sannan ta koma ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta tuƙa ɗan tuwonta. Da ya nuna ta sauke, ta yafa mayafi, ta leƙa gidan maƙwabciyarta ta ce a ara mata kwano, za ta dawo da shi in ta wanke.